Talabijin Na Bango: Sau Da Yawa Suma Yake Yi, Ba Mutuwa Ba

Duk wanda ya zaga unguwannin 'yan Arewa a Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Ikko, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Anaca da Fatakwal, zai ga talabijin na bango ya zama ruwan dare. Yana rataye a rumfar mai shayi, da shagon aski, da gidan kallon ƙwallo, da ɗakin da samari biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka kama haya. Ta cikinsa mutumin da ya yi nisa da gida yake ganin labarin Kano da Sakkwato, da tafsirin watan azumi, da wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Ga mai gidan kallo kuwa, akwatin nan shi ne jarinsa gaba ɗaya.

To, amma akwai wata asara da ke ta faruwa a ɓoye. Wuta za ta ɗauke, ta dawo, a danna rimot, akwati ya yi shiru. Mai shi ya jijjiga shi, ya sauya soket, ya ga babu labari, sai ya ce ya ƙone. Bayan ya yi wata biyu a bayan ƙofa yana shan ƙura, sai a sallama wa 'yan jari bola a kan kuɗin da bai wuce na cefanen yini ba. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗannan akwatuna ƙalau gilashinsu yake, wanda shi ne abu mafi tsada a jikinsu. Abin da ya lalace wani ɗan ƙaramin abu ne a sashen da ke karɓar wuta, wanda mai gyaran da ya san aikinsa zai iya sauyawa kafin a yi la'asar.

DAGA MAI ƘATON BAYA ZUWA NA BANGO

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Badun ranar 31 ga Oktoba, 1959, zamanin da Cif Obafemi Awolowo yake Firimiyan Jihar Yamma. Na Kaduna ya biyo baya a 1962, a Jos kuma aka fara nuna hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Tun daga lokacin har shekaru arba'in da wani abu, akwatin da aka sani shi ne mai ƙaton baya, wanda sai mutum biyu suke ɗauka, mai gyaran rediyo na unguwa kuma shi ne likitansa.

Na bango ya soma yawaita ne bayan shekara ta 2000, yau ga shi ya kori tsohon daga kasuwa. Jama'a na kiran kowanne da sunan filasma, amma kamfanonin Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera filasma na ainihi tun 2014. Galibin waɗanda ke rataye a ɗakuna yanzu irin da ake kira LCD ne ko LED. Gilashinsu shi ke zana hoto, amma ba ya ba da haske da kansa, sai an haska shi da fitilu daga baya. Tsofaffin LCD suna amfani da siraran fitilu dogaye, na yanzu kuwa da ƙananan ƙwayaye da aka jera layi-layi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi masa amfani a gaba.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

In aka kwance murfin baya, abin da za a tarar bai kai yadda ake zato ba. Akwai allon wuta, wanda masu gyara ke kira fawa bod, inda igiyar soket take shiga. Akwai babban allo, inda ake cusa wayar dikoda da ta eriya, shi ke kula da sauti da rimot da zaɓen tasha. Akwai wani ɗan ƙaramin allo da ake kira tikon, mai isar da hoto ga gilashi. Sai fitilun baya, sai lasifika, sai gilashin kansa. A ƙananan akwatuna masu araha akan haɗa allon wuta da babban allo wuri ɗaya.

Aikin allon wuta kamar na mai awo ne a kasuwar hatsi: buhu guda yake karɓa, ya riƙa aunawa mudu-mudu, kowa gwargwadon bukatarsa. Wutar da ke fitowa daga soket a Nijeriya ƙarfinta ya kamata ya zama bolt 230. Babu abin da ke cikin talabijin da zai iya shanta haka nan. Saboda haka tana shiga sai ta bi ta fiyus, ta wuce wani ɗan abu mai kama da kwabo, galibi shuɗi, wanda aikinsa shi ne shanye wutar da ta yi tsalle fiye da ƙima. Daga nan sai wasu dayod guda huɗu su miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir, a tara ta cikin wata babbar kafasita, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira kwandansa. A nan ƙarfinta yakan kai bolt 325, a manyan akwatuna ma har kusan 400.

Sa'an nan wata taransista ta riƙa datsa wutar tana sakewa sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, tana turawa cikin ƙaramar taransifoma, ita kuma ta sauke ta zuwa bolt 12 ko 24 ko 5, bisa ga ƙirar akwatin. Waɗansu ƙananan kafasitoci su tace ta kafin ta isa babban allo. Akwai kuma wani ɗan sashe da ba ya barci muddin igiya na cikin soket. Shi ke kunna jar fitilar nan ta gaba, yana jiran a danna rimot. Ke nan ko an kashe akwati da rimot, allon wuta yana nan tsaye a bakin ƙofa, duk abin da layi ya kawo shi zai fara sha.

ME KE KASHE SHI?

Babban maƙiyinsa ita ce wutar da har yanzu ake kira ta NEPA, ko da yake hukumar ta rikiɗe zuwa PHCN a 2005, aka kuma miƙa rabon wutar ga kamfanoni 11 a 2013. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka dawo da wuta, musamman in tana zuwa tana ɗaukewa a jere. Wani lokaci kuma wayar da ke daidaita layuka uku na taransifomar unguwa takan tsinke, ko ɓarayi su yanke ta. In haka ta faru, gida ɗaya zai ga ƙwan fitilarsa ya yi ja kamar garwashi, maƙwabcinsa kuma wutar ta doshi bolt 400. Irin ranar ce ake wayi gari layi guda kowa na kukan talabijin da firji da fanka.

Na biyu shi ne ƙaramin janareton nan na ɗaki. Ba shi da abin daidaita wuta na kirki, saboda haka in mai ya kusa ƙarewa ya soma tari, wutar takan riƙa hawa da sauka. Haka in aka tayar da shi da kaya jone a jikinsa, ko aka jona dutsen guga ana tsakiyar kallo.

Na uku zafi. A cikin kafasita akwai wani ruwa da ke bushewa a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera ta suke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. To a duba akwatin da aka manna jikin bango ƙarƙashin rufin kwano, a gidan kallon da mutum hamsin suka cika, tun azahar har tsakar dare. Wani ma zai lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura, ya toshe masa ramukan shan iska. Kafasitar da ta gaji kanta yakan kumbura, wata ma ta tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa.

Na huɗu danshi da ƙwari. Ikko da Fatakwal garuruwan laima ne, iskar bakin teku kuma tana sa tsatsa. Kyankyaso da kiyashi da tsaka na son ɗumin cikin akwati, tsaka ɗaya kuwa in ta gitta tsakanin ƙafafu biyu masu wuta, ita da allon duka sun tafi. Na biyar tsawa, wadda da damina ba ta soket kaɗai take bi ba, takan biyo wayar eriya ko ta dikoda ta ƙona babban allo.

ALAMUN DA MAI AKWATI ZAI DUBA DA KANSA

Kafin a ɗauki akwati zuwa wurin gyara, akwai abubuwan da kowa zai iya lura da su ba tare da ya kwance ko kusa ɗaya ba.

In jar fitilar gaba ba ta kama ba sam, a fara gwada soket da igiya, a kuma jona wani abu daban a ga ko da wuta. In ƙaramin akwati ne mai caja a waje irin ta kwamfuta, sau da yawa cajar ce ta mutu, sai a nemi wadda bolt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayan akwatin. In duk waɗannan lafiya suke, zargi ya koma kan fiyus da allon wuta.

In jar fitila na ƙiftawa, ko ana jin ƙas-ƙas a ciki amma bai tashi ba, ko kuma da can yakan ɗauki minti biyar kafin ya tashi har ya zo ya daina, wannan galibi halin gajiyayyun kafasitoci ne, gyaransu kuwa yana cikin mafi sauƙi.

In ana jin magana amma gilashi ya yi baƙi, a kashe fitilar ɗaki, a kunna tocila a matsa da ita dab da gilashin. In aka hango hoto dishi-dishi yana motsi, to gilashi da babban allo duk lafiya suke. Fitilun baya ne suka mutu, ko sashen da ke ba su wuta. Ƙwayayen an ɗaura su ne a jere kamar carbi, ɗaya in ta tsinke sai 'yan'uwanta duka su mutu tare da ita.

In hoto ya fito da layuka a tsaye, ko rabi ya fito rabi babu, matsalar ta matsa kusa da gilashi. Wani lokaci tikon ne ko faffaɗar wayar da ta haɗa su, wani lokaci kuwa bakin gilashin ne ya ci tsatsa, abin da yakan faru in ana fesa masa ruwa yana gangarawa ƙasa. Wannan sai mai injin liƙi na musamman. In kuwa gilashi ya fashe, ko ya yi tabo kamar an zubar da tawada a ciki, wannan ita ce mutuwa ta gaskiya, domin kuɗin sabon gilashi yakan kusa kamo na sabon akwati.

A GABAN MAI GYARA

Ba kowane mai riƙe da sukuddireba ne mai gyara ba. Na ƙwarai da mita yake farawa. Zai sauke wutar da ta rage cikin babbar kafasita, ya duba allon da ido, ya shinshina, sa'an nan ya auna fiyus da dayod da taransista ɗaya bayan ɗaya. Ya san fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, akwai abin da ya sa shi. Don haka kafin ya jona allon da ya gyara, yakan ratsa ƙwan fitila irin na da, mai wat 60 ko 100, a kan layin. In ƙwan ya yi haske ya dushe, aiki ya yi. In ya tsaya da haske tangaran, da sauran ɓarna a ciki, ƙwan kuma ya hana sababbin kayan da aka sa ƙonewa.

In kafasita zai sauya, yakan sa mai lamba daidai da ta da, mai jure bolt daidai ko fiye, wadda aka rubuta digiri 105 a jikinta, ya kuma sauya har na kusa da ita tun da zafi ɗaya suka sha. In fitilun baya ne, sauya layin gaba ɗaya ya fi a cire ƙwaya ɗaya, domin sauran ma sun tsufa. In allon ya ƙone ƙurmus sai a nemi wani. Kasuwar Alaba da ke Ojo cike take da allunan da aka ciro daga akwatunan da gilashinsu ya fashe. Amma lambar da ke jikin allon ita ake bi, domin akwatuna biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da allo daban-daban.

Mai algus kuwa alamunsa a fili suke. Shi ne mai ɗaure fiyus da zaren waya, abin da ke iya jawo gobara cikin dare. Shi ne mai yanke layin da ke kashe akwati in ya ji matsala, ya ba ka shi yana aiki, bayan mako biyu ya mutu mutuwar da ta fi ta farko. Akwai kuma wanda tun bai kwance ba zai ce gilashi ne, ya taya akwatin da arha.

Saboda haka mai akwati ya rubuta lambobin da ke bayan kayansa kafin ya bar gida. In an kwance a gabansa, ya ɗauki hoton ciki da wayarsa. A yi ciniki kafin a fara aiki, a raba kuɗin kaya da ladan hannu, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire, a kuma bar akwatin a kunne kamar rabin sa'a a shagon kafin ya biya. In akwatin sabo ne da sauran garanti, kada ya bari kowa ya taɓa kusarsa, ya ɗauki rasit ya nufi inda ya saya.

Wanda bai koyi aikin ba kada ya yi karambanin kwancewa. Babbar kafasitar nan takan riƙe wutarta ko bayan an zare igiya, wutar da ta haura bolt 300 kuwa ba abin wasa ba ce.

NA GWANJO DA NA BOLA

Da yawa daga cikin akwatunan da ke hannun 'yan Arewa a Kurmi na gwanjo ne, irin da Yarabawa ke kira tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki tun daga can. Talabijin na bango da fuskokin kwamfuta irinsa su ne suka fi kowane kaya nauyi a lissafin, kashi 18 cikin 100. Mai saye ya san wannan kafin a ce masa ya ɗauka ba gwaji don ya fi araha. Ya sa a kunna masa, ya duba farin hoto da baƙi ko zai ga tabo, ya duba kusoshin baya ko sun sha kwancewa.

Akwatin da ya mutu da gaske ma ba a sayar da shi a kan sikeli. Wanda gilashinsa ya fashe allunansa na da rai, mai gyara zai saya da daraja fiye da ta ƙarfe. Wannan magana ta shafi samarin Arewa masu tura kurar bola, waɗanda su ne ke fasa waɗannan kaya don neman jan ƙarfe. Siraran fitilun tsofaffin LCD akwai zaiba a cikinsu, wadda guba ce in aka fasa aka shaƙa. A jikin tsofaffin alluna akwai dalma, hayaƙin robar waya da ake ƙonawa kuma yana cin ƙirji a hankali.

RIGAKAFI

Da zarar wuta ta ɗauke, a kashe soket, kada a kunna sai ta dawo ta zauna na 'yan mintoci. Akwai ƙaramar na'urar kariya da ake sawa tsakanin soket da akwati, wadda ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta kuma jinkirta kafin ta sake ta. Kuɗinta bai kai na gyara ɗaya ba. A unguwar da wuta ba ta da ƙarfi kullum, sitabilaiza na taimakawa. Janareto a tayar da shi tukuna ya daidaita kafin a jona kaya, a kuma zare su kafin a kashe shi. In hadari ya haɗo da tsawa, a zare igiyar soket da wayar dikoda duka biyu.

A bar rata tsakanin akwati da bango, a nisanta shi da murhun mai shayi da tagar da ruwa ke fesowa. A goge gilashi da ƙyalle mai laushi, kada a fesa masa komai. A shiga saitin hoto a rage hasken baya daga ƙarshe zuwa wajen rabi ko sama kaɗan, domin cika hasken shi ke dafa ƙwayayen tun kwanansu bai ƙare ba. Masu gidajen kallo su sa fanka ta riƙa bugun bayan akwati, su kuma ba shi hutu tsakanin wasa da wasa.

SANA'A CE KUMA

A cikin wannan al'amari akwai abinci ga mai nema. Kayan fara aikin ba su da yawa: mita, da ƙarfen liƙa dalma, da sukuddireba, da ƙwan fitila na gwaji. Abin da ya fi su wuya shi ne a iya karanta lamba, a kuma yi haƙurin zama gaban maigida shekara biyu ko uku. Yaron da ya iya allon wuta na talabijin ya kama hanyar gyaran dikoda da caja da inbata, domin duk dangin juna ne. In ya koma gida ma ba zai rasa aiki ba, tun da har ƙauyukan da babu layin lantarki yanzu ana kallo da ƙananan akwatuna masu bolt 12 da batir da farantin hasken rana.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Ikko da Badun da sauran garuruwa suna da bakin da za su nema wa yara gurbin koyo a shagunan gyara, su tsaya musu a matsayin masu lamuni. Yaron da yau yake fasa akwati da guduma don ya sami jan ƙarfe, in ya san abin da ke cikinsa, akwatin nan ɗaya zai ba shi ladan gyara, mai shi kuma ya koma da kayansa gida.